Abin da Ido Ba Ya Gani a Cikin Walda

Laccar da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, Tudun Wada, Sakkwato



Malam Shugaban taro, Shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyena da abokan karatuna tsofaffin ɗalibai, da ku ƙannena da ke zaune can baya cikin kayan makaranta, ina yi muku barka da zuwa. Sa'ad da kwamitin shirya taro ya aiko mini cewa ni zan yi lacca bana, na ce musu ni fa ban san komai ba sai ƙarfe. Suka ce to, in zo in yi maganar ƙarfen. Saboda haka duk wanda barci ya ɗauka, ya kuka da kwamiti.

Gabatarwa

Ga wani abu a hannuna. Duk wanda ya taɓa zama a garejin makanike ya san shi: bawul ne na fitar da hayaƙi, daga injin mota. Yana da kai mai faɗi kamar ƙaramin faifai, da doguwar sanda siririya. Ga kuma maganaɗisu. Idan na kai shi ga ƙarshen sandar, kun ga ya kama. Idan na kai shi ga kan, sai ya zame ya faɗi. A ido abu ɗaya ne, sumul, babu tabo babu gaɓa. Amma maganaɗisu ya tona asiri: ƙarfe iri biyu ne aka haɗa, kuma haɗin ya yi kyau har ba a ganin wurinsa.

Abin da ya sa na zo da shi, wani abu ne da ya faru ina saurayi. Wani kawuna yana noman albasa a fadama da injin ban ruwa mai shan gas. Ana tsakiyar rani bawul ya karye, kan ya rabu da sandar. Ba a sami sabo a kasuwa ba, sai aka kai wa wani mai walda, mutum mai hannu ƙwarai. Ya haɗa shi da wutar lantarki, ya goge, ya daidaita, har kawu ya ƙara masa kuɗi saboda kyan aikin. Inji ya tashi, ya yi kwana huɗu yana aiki. A rana ta biyar kan bawul ya sake cirewa, ya faɗa cikin silinda, fistan ya daka shi, shi ma ya tarwatse. Kafin a haɗa kuɗin gyara albasa ta ƙone. Aka yi ta zagin mai walda, alhali iyakar saninsa ya yi. Ya duba waje ya ga kyau, kuma babu wanda ya taɓa nuna masa abin da wuta ke yi wa cikin ƙarfe. Kyan ɗan maciji ke nan.

To, maganata a yau ɗaya ce. Ƙarfin kowane haɗi yana cikin tsarin ƙwayoyin ƙarfen, zafi ne ke gina wannan tsari, shi ne kuma ke rushe shi. Zan yi ƙoƙari in nuna muku yadda masana'anta ta haɗa bawul ɗin nan ya zauna, da dalilin da na kawu bai zauna ba.

Ƙarfe ƙwaya-ƙwaya ne

Ku dubi sabon kwanon rufi ko sabon bokiti. Za ku ga wasu zane-zane masu kama da ganye a jikinsa. Waɗannan ƙwayoyi ne na tutiyar da aka shafe shi da ita, sun yi girma har ido yana ganinsu. Haka cikin kowane ƙarfe yake, sai dai ƙwayoyin baƙin ƙarfe ƙanana ne ainun. Yawanci faɗin ɗaya bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kaurin gashin kai ko ƙasa da haka. Suna manne da juna kamar gonaki in ka hange su daga kan tudu, kowace da iyakarta.

Mutumin da ya fara ganin wannan a cikin ƙarfe sosai shi ne Henry Sorby na birnin Shefil a Ingila, a wajen 1864. Ya goge ƙarfe har ya yi sheƙi kamar madubi, ya shafa masa ruwan asid kaɗan, ya sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Asid ya fi cin iyakoki, saboda haka sai ƙwayoyin suka fito fili. Har gobe da wannan dabara ake aiki a ɗakunan bincike na duniya.

Abin mamaki game da ƙarfe shi ne yana sauya tsarin cikinsa tun bai narke ba. Tsantsar ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Salshiyos. Amma tun a digiri 912 zubin ƙwayoyinsa ke juyewa daga wanda ake kira ferait zuwa wanda ake kira ostenait. Idan akwai kabon a ciki, wato sinadarin gawayi, juyin yakan fara tun daga digiri 727. Ostenait yana shanye kabon da yawa, kamar yadda ruwan zafi ke shanye sukari. In aka bar shi ya huce a hankali, kabon yana samun lokacin fita ya zauna a wurinsa, ƙarfe ya yi laushi. In aka tsoma shi a ruwa farat ɗaya, kabon ya maƙale a ciki, sai a sami wani tsari mai kama da tarin allurai, sunansa matensait. Yana da tauri har magagari ba ya kama shi, amma yana da gautsi kamar tangaran.

Iyayenmu na Maƙera Assada ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san aikin. Maƙeri ya gasa bakin gatari ya yi ja, ya tsoma a ruwa, sa'an nan ya sake ɗumama shi kaɗan yana duban launi don ya rage masa gautsi. Wannan ilimi tsoho ne a ƙasarmu. An tono tandayen narka tama a Taruga, a yankin al'adar Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Abin da madubi ya ƙara mana shi ne ganin dalili.

Ƙarfe mai jure zafi

Ku tuna da ragar mai tsire. Sabuwa ce miƙaƙƙiya, amma bayan 'yan watanni a kan garwashi sai ta yi ɓawo tana ɓarɓashi, tsakiyarta kuma ta lotsa, ko da yake ba wani nauyi aka ɗora mata ba. Nan kun ga abokan gaba biyu na ƙarfe a cikin wuta. Na farko ɓawo, wato iska tana cin ƙarfen da sauri saboda zafi. Na biyu shi ne abin da zan kira miƙar sannu: ƙarfe mai zafi yana miƙewa kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin nauyin da bai isa ya lanƙwasa shi ba in yana da sanyi, har wata rana ya tsage.

Maganin ɓawo shi ne kuromiyom. A 1913 Harry Brearley, shi ma a Shefil, ya gano cewa ƙarfen da aka zuba wa kuromiyom kimanin kashi 13 cikin ɗari ba ya tsatsa. Kuromiyom yana yin wata fata siririya a bayan ƙarfen, wadda ke hana iska shiga. Maganin miƙar sannu kuma shi ne a zuba sinadarai irin su molibdinom da banadiyom, waɗanda ke haɗuwa da kabon su zama 'yan ƙananan tsakuwoyi a cikin ƙwayoyi da kan iyakokinsu, su tokare su kamar turaku.

Irin wannan ƙarfe gida biyu ne. Akwai na gidan matensait, mai kuromiyom kashi 9 zuwa 12, wanda maganaɗisu ke kamawa. Akwai na gidan ostenait, mai kuromiyom kashi 18 zuwa 25 tare da nikel ko manganis, waɗanda ke sa shi ya zauna a zubin ostenait ko da ya huce. Shi maganaɗisu ba ya kama shi, ya fi jure zafi, ya kuma fi tsada.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga inda ake bukatarsu. Masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda aka kafa kamfaninta a 1962 ta fara aiki a 1967, yanzu kuma tana ƙarƙashin BUA, tana gasa dutse a tanderu mai juyawa har digiri 1,450. Tubalin wuta ne ke kāre jikin tanderun, amma bakinsa da faranten da dutsen ke zubowa a kai don ya huce, da ƙarfe mai jure zafi ake yinsu. Tashar lantarki ta Egbin a Legas, mai injuna shida da ƙarfin megawat 1,320, tana tura tururi mai zafin fiye da digiri 500 ta cikin bututu dare da rana. Matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, ita ma da irin waɗannan bututu aka gina ta. Mafi kusa da mu kuwa shi ne bawul, wanda ke cikin kowace mota, da babur ɗin kabu-kabu, da janareta, da injin niƙa.

Me ya sa bawul ke da ƙarfe biyu

Kan bawul na fitar da hayaƙi yana kaiwa digiri 700 zuwa 800 idan inji yana aiki sosai. Alminiyom da masu zubin tukwane ke narkawa, a digiri 660 yake zama ruwa. Ke nan kan bawul ya fi narkakken alminiyom zafi. A wannan hali, in inji yana zagaye 3,000 a minti, bawul yana buɗewa ya rufe da ƙarfi sau 25 a kowace daƙiƙa. Dole kai ya zama na gidan ostenait. Wanda aka fi amfani da shi ana kiransa 21-4N, yana da kuromiyom kashi 21, nikel kashi 4, manganis kimanin kashi 9.

Sanda kuwa aikinta daban. Ba ta shan zafi kamar kai, amma tana ta gogar hannun rigar da take zirga-zirga a ciki, ana kuma dukan ƙarshenta ba hutawa. Tana bukatar tauri, kuma ƙarfen gidan matensait ne ake iya taurarawa ta hanyar gashi da tsomawa, ga shi da sauƙin kuɗi. Don haka a motoci da manyan injuna da yawa ake yin kai da wani ƙarfe, sanda da wani. Saura haɗawa.

A nan waldar lantarki ke shiga uku. Tartsatsinta ya haura digiri 3,000, saboda haka tana narkar da ɓangarorin biyu tare da sandar walda su zama kunu ɗaya. In kunun ya daskare, ƙwayoyinsa manya ne dogaye, irin na ƙarfen zubi, kuma iska da datti kan maƙale a tsakaninsu. Gaurayen ƙarfen biyu yakan ba da wani ƙarfe na uku wanda babu mai bukatarsa, sau da yawa mai gautsi. Gefe da gefe kuma akwai yanki mai faɗi wanda bai narke ba amma ya gasu, ƙwayoyinsa suka kumbura, ya huce da sauri ya zama ɗanyen matensait. A irin wannan yanki bawul ɗin kawu ya karye. Duka sau 25 a daƙiƙa ba ya yafe wa gautsi.

Walda ta gogayya

Kowa ya san in ya murza tafin hannunsa zai ji ɗumi. A kan wannan aka gina waldar gogayya. Ana ɗaure ɓangare ɗaya a injin da ke juya shi, kamar zagaye 1,000 zuwa 3,000 a minti ga ƙananan sanduna. Ɗayan yana tsaye cik. Sai a tura su su haɗa fuska. Gogayya ta kankare tsatsa da datti, wurin ya yi ja, ya yi laushi kamar tuwo, zafinsa ya kai digiri 1,000 zuwa 1,300. Sai a taka wa injin birki nan take, a ƙara matsa su da ƙarfi. Ƙarfen da ya yi laushi ya tumbatso waje ya naɗe kamar leɓe, ya fito da duk dattin tare da shi. A yanke leɓen, aiki ya ƙare. Ga abu kamar bawul, duk wannan 'yan daƙiƙoƙi ne. Babu sandar walda, babu hayaƙi, kuma abu mafi muhimmanci, ƙarfen bai narke ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera zai ce ai ya san wannan. Gaskiyarsa. Maƙeri yana gasa ƙarfe biyu har su kusa yin fari, ya ɗora su a kan uwar maƙera, ya daka da masaba har su zama ɗaya. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Waldar gogayya ita ce waldar maƙeri, sai dai juyi ya maye gurbin zuga-zugi da gawayi, matsi kuma ya maye gurbin masaba, kuma ana iya auna komai a maimaita shi sau dubu ba kuskure.

Tun a 1891 wani Ba'amurke mai suna Bevington ya yi rajistar dabarar haɗa ƙarfe da zafin gogayya, amma ba ta yi nisa ba. Wanda ya raya ta shi ne Chudikov, wani ma'aikacin injin sassaƙar ƙarfe a Tarayyar Sobiyet, wanda a 1956 ya nuna cewa ana iya samun haɗi mai inganci a kan injinsa. Ina so ƙannena su riƙe wannan: mai aikin hannu ne, ba farfesa ba. Daga nan masana suka ɗauka. A farkon shekarun 1960 kamfanin Caterpillar na Amurka ya fito da nasa salon, inda ake juya wata ƙatuwar taya mai nauyi a sake ta, ƙarfin juyinta ya ƙare a kan haɗin. A 1991 kuma Cibiyar Walda ta Kambirij a Ingila ta ƙirƙiro wani reshe, inda wani turmi mai juyawa ke bin gaɓar faranti biyu yana tuƙa su su haɗe, wanda yanzu ake haɗa alminiyom na jiragen ruwa da rokoki da shi. Sandunan da masu haƙa rijiyar burtsatse ke jonawa a unguwanninmu, yawancin masu kyau daga cikinsu da gogayya aka manna musu kawunansu masu zare.

Abin da madubi ke nunawa

In aka tsaga irin wannan haɗi a tsaye, aka goge, aka shafa asid, za a ga yankuna huɗu a jere. A tsakiya akwai siririn layi mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. Murza da zafi sun farfasa tsofaffin ƙwayoyi, sababbi suka tsiro, kuma ba su sami lokacin girma ba. Kusa da shi akwai yankin da ƙwayoyi suka lanƙwashe suka bi hanyar da ƙarfe ya kwarara waje, kamar ciyawar da ruwa ya bi ta kanta. Sai yankin da zafi kawai ya taɓa, wanda a nan siriri ne domin lokacin gajere ne. Daga nan sai asalin ƙarfe.

Ƙananan ƙwayoyi suna ƙara ƙarfi. Masana biyu, Hall a 1951 da Petch a 1953, su suka tabbatar da lissafin haka. Dalili shi ne kowace iyaka shinge ce ga zamewar cikin ƙarfe, yawan ƙwayoyi kuwa yawan shinge ne. Shi ya sa in aka sa kyakkyawan haɗin gogayya a injin ja aka ja shi har ya tsinke, yawanci a can gefe yake tsinkewa, a jikin ƙarfen da ya fi rauni, haɗin yana nan.

Amma fa sai an daidaita abu huɗu: saurin juyi, matsin gogayya, tsawon lokaci, da matsin ƙarshe. In zafi ya yi yawa, ƙwayoyi su kumbura, yankin gashi ya faɗaɗa. In ya yi kaɗan, akwai haɗari mai ɓoyuwa. Ku lura da tayar keke: bakinta ne ke gudu, cibiyarta kusan a tsaye take. Haka fuskar sandar da ke juyawa, gefenta ya fi samun gogayya, tsakiyarta ta fi ƙarancin zafi. Saboda haka haɗi yana iya kamawa a kewaye, ya yi leɓe mai kyau, alhali cibiyarsa ba ta kama ba. Ido ba zai gani ba, sai an yanka ko an lanƙwasa. Bayan haka, ɓangaren matensait yakan fito daga walda da tauri fiye da kima, domin ya gasu ya kuma huce da sauri. Dole a mayar da shi wuta a ɗumama shi a rage masa gautsi, daidai yadda maƙeri ke yi wa gatari.

Abin da shekaru ke yi

Haɗin da ya ci jarrabawa yau yana da sauran jarrabawa, domin zai zauna cikin zafi shekara da shekaru. Abu uku ke cinsa a hankali.

Na ɗaya, ƙarfen biyu ba sa kumbura daidai. Sanda mai tsawon mita ɗaya ta gidan matensait, in zafinta ya ƙaru da digiri 100, takan ƙara kimanin milimita 1.2. Ta gidan ostenait takan ƙara kimanin milimita 1.7. Duk sa'ad da inji ya yi zafi ya huce, ɗaya yana jan ɗaya a daidai gaɓar.

Na biyu, kabon yana ƙaunar kuromiyom. A cikin zafi yakan yi ƙaura sannu a hankali daga ɓangaren da ke da ƙarancin kuromiyom zuwa mai yawa. Bayan lokaci sai a sami siririn yanki mai laushi a gefe ɗaya, da yanki mai gautsi a ɗaya gefen.

Na uku, ƙananan ƙwayoyin nan da muka yaba suna da nasu aibi. A cikin zafi mai tsanani iyakoki ne ke zamewa, saboda haka yawan iyakoki yana saurin kawo miƙar sannu. Abin da ya zama ƙarfi a sanyi ya zama rauni a wuta. Don haka masu ƙera bawul ba sa sa haɗin a wuyansa, sai can sama a jikin sanda inda zafi ya ragu. Masu tashoshin lantarki sun sha wahalar wannan darasi. Akwai wani ƙarfe mai suna P91, mai kuromiyom kashi 9 da molibdinom kashi 1, wanda aka inganta a cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka a shekarun 1970. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma bayan shekaru ana aiki sai aka riƙa samun tsaga a gefen waldarsa, a daidai yankin da ƙwayoyi suka ƙanƙance. Shi ya sa doka ce a gasa waldarsa a wajen digiri 760 bayan an gama, kuma ake auna ƙarfin irin waɗannan ƙarafa da abin da za su iya ɗauka na awa 100,000, wato fiye da shekara 11.

Ina ruwanmu

Wani zai ce, to Injiniya, mu da ba mu da injin gogayya a Tudun Wada, ina ruwanmu? Gaskiya ne injin yana da tsada, ya fi dacewa da abu mai siffar sanda ko bututu, kuma ba a ɗaukarsa a kai gona. Waldar lantarki ita ce tamu, da ita ake ƙofofinmu da tagoginmu da gadajenmu, kuma masu yinta suna ciyar da gidaje da yawa a garin nan. Amma ilimin ƙwayoyin ƙarfe ɗaya ne, ko da wace wuta aka yi aiki. Ga abin da nake roƙon kowa ya kai gida.

Akwai abin da ba a yi wa walda a bakin titi: bawul, da sandunan sitiyari, da sifirin, da tukunyar gas ta girki. In sun karye a sauya su. Kuɗin sabo bai kai kuɗin fistan ba, balle ran mutum.

Kada a zuba ruwa a kan walda don a yi sauri. Wanda ya yi haka ya ƙera matensait da hannunsa. Ƙarfe mai kauri ko mai tauri a ɗumama shi kafin walda, bayan an gama a binne shi a busasshen yashi ko toka ya huce a hankali.

A san irin ƙarfen kafin a zaɓi sandar walda, a kuma ajiye sandunan inda laima ba ta kai musu. Maganaɗisu na naira kaɗan yana raba gidan ostenait da sauran. In tsohon bawul na asali kansa ba ya kama maganaɗisu, sabon da aka kawo maka kuma yana kamawa, ka yi tambaya kafin ka biya. Araha ba ta ado.

Mai walda ya riƙa jarraba kansa. Ya haɗa guntaye biyu, ya ɗaure a matsi, ya lanƙwasa da guduma. In ya karye a kan haɗin, ya dubi fuskar karayar, za ta gaya masa gaskiyar da mai kaya ba zai gaya masa ba sai bayan ɓarna.

Ga Ƙungiya kuma ina da roƙo. Mun saba sayen kujeru da fenti, kuma suna da amfani. Bana mu ƙara da madubin duba ƙarfe guda ɗaya, da samfefa mai laushi daki-daki, da matsi, mu ba ɗakin kimiyya, malamin kemistiri ya kula da asid. Mu gayyato maƙeri daga Maƙera Assada da mai walda daga nan unguwa, kowa ya haɗa ƙarfe a gaban ɗalibai, a yanka, a goge, kowa ya leƙa ya ga aikinsa. Gani ya kori ji. Ni na ɗauki alkawarin zuwa in koyar da yadda ake shirya samfurin, ba tare da an biya ni ba.

Ku kuma ƙannena, akwai sashen nazarin ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa a Jos. Tun 1979 aka ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, mu muka girma muna jira, ku ma kun taso kun tarar ana jira. Amma ko daga ina ƙarfe ya zo, sai an haɗa shi kafin ya zama bututu ko tanderu ko inji, kuma sai an sami wanda zai duba haɗin ya sa hannu cewa ya yi. Wannan aiki yana nan yana neman mutane, a Kalambaina da sauran wurare. Ku riƙe lissafi da fizis da kemistiri, kada kuma ku raina mai baƙin hannu.

Kammalawa

Malam Shugaba, na ga ana ɗaga mini agogo. Zan bar bawul ɗin nan da maganaɗisun a hannun Shugaban makaranta. Duk ɗalibin da ke so, ya karɓa ya bi sandar da maganaɗisu a hankali daga ƙarshe zuwa kai, har ya ji inda kamun ya saki. Nan ne haɗin yake. In ya same shi, ya zo ya gaya mini dalilin da ya sa aka sa shi a nan, ba a ƙasa ba. Wanda ya fara kawo amsa daidai, kuɗin jarrabawarsa ta fita yana wuyana.